Tambaya: boko ne ya kawo wa Amurka masana'antu ko masana'antu ne suka kawo boko?

Malamin_Aji_Biyar

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Dan Allah masana tarihi na wannan zauren ku taimaka min da wani abu da ya tsaya min a rai tun jiya.

Ni malamin firamare ne, aji biyar nake riƙe da shi, kuma duk ranar kasuwar garinmu kusan rabin ajin basa zuwa, matan suna talla mazan suna dako ko taya iyayensu tsaron kaya, da damina kuwa sai dai ka bi su gona. To jiya da aka tashi tara muna zaune ƙarƙashin darbejiya sai gardama ta kaure tsakanina da wani abokin aikina, shi ya dage wai Amurka ba wani abu suka yi ba illa doka, suka ce duk wanda bai kai ɗansa makaranta ba za a kama shi, shikenan kowa ya kai, ilimi ya yawaita, daga nan masana'antu da jirgin ƙasa da sinima da komai suka biyo baya. Wai mu ma da za a fara ɗaure iyaye da wata uku an gama magana.

Ni dai zuciyata bata kwanta da wannan zancen ba, saboda na taɓa ganin wasu tsofaffin hotuna a intanet na yaran Amurka wajen 1910, 'yan ƙanana dasu fuska baƙi ƙirin da ƙurar kwal, wasu ko takalmi babu sun ɗare kan injin saƙa. To in doka ta wadatar daga ina waɗannan suka fito? Sannan ta biyu, su jaridu da sinima da ƙwallo da suka cika ƙasar a wannan lokacin, makaranta ce ta haife su ko kishiyarta ne? Gsky ina so in fahimta, dan abin yarannan nawa yana damuna sosai.

Tsohon_Ɗalibin_Samaru

Wa alaikumussalam Malam, Allah ya saka da alheri bisa wannan aiki da kake yi. Abokin aikinka yana da rabin gaskiya, amma ya juya kan zancen, kuma shekarun kaɗai sun isa su nuna maka.

Jihar Massachusetts ce ta fara dokar tilasta zuwa makaranta a 1852, kuma ka ji abin da dokar ta nema, yaro ɗan shekara 8 zuwa 14 ya je makaranta sati 12 kacal a shekara. Sati goma sha biyu fa. Jiha ta ƙarshe da ta kafa irin wannan dokar ita ce Mississippi a 1918, wato shekara 66 tsakani. Kuma ita Massachusetts ɗin ba haka kawai ta riga kowa ba, a can masaƙu suka fara cika, garuruwa irinsu Lowell, tun 1836 suna da dokar cewa yaron da bai kai 15 ba ba zai yi aikin masana'anta ba sai ya yi karatun wata uku a shekara. Kaga ke nan masana'anta ta riga dokar zuwa. Horace Mann da ake ta ambato, wanda ya zama sakataren hukumar ilimi ta jihar a 1837, ba ƙaramin lokaci ya ɓata ba wajen lallashin masu kuɗi cewa ma'aikacin da ya yi karatu ya fi kiyaye lokaci, ya fi bin umarni, ya fi kula da inji, dan su yarda a cire musu haraji.

Hotunan da ka gani kuwa ina kyautata zaton na Lewis Hine ne, shi ma malamin makaranta ne kamarka kafin ya ajiye alli ya ɗauki kyamara a 1908 yana yi wa wani kwamiti mai yaƙi da bautar da yara aiki. Akwai waɗanda ya ɗauka a mahaƙar kwal ta Pennsylvania, yara na zaune kan benci a jere, kwal yana gangarowa ta ƙarƙashin ƙafafunsu suna tsince dutse daga ciki da hannu, awa goma a rana kwana shida a sati, ba safar hannu, yatsu duk sun tsattsage, ga wani babba tsaye a bayansu da sanda. Ƙidayar 1900 ta samu yara kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai da hamsin 'yan shekara 10 zuwa 15 suna aikin lada, alhali a lokacin jihohi da dama suna da dokar tilas a rubuce. Me ya faru? Uba ne zai je ya rantse cewa ɗansa ɗan shekara goma ya kai sha huɗu, mai kamfani ya kau da kai, jami'in da aka sa ya duba shi kaɗai ne ga gari guda. Kuma kar ka ga laifin uban da sauri, gaba kura ce baya sayaki, in yaron bai kawo 'yan kuɗin nan ba ba a biya haya. Gwamnatin tarayya ta yi dokar taƙaita aikin yara a 1916, kotun ƙoli ta soke ta a 1918, sai a 1938 aka samu wadda ta zauna.

Abin da ya sa makaranta ta kama da gaske abu biyu ne suka haɗu. Albashin iyaye ya ɗan ɗaga har gida zai iya rayuwa ba da gumin yaro ba, injina kuma suka karɓe irin aikin da ake sa yara. Na biyu kuma wanda ya fi muhimmanci, iyaye sun ga aiki a ƙarshen hanyar. Kamfanonin jirgin ƙasa da bankuna da inshora da manyan kantuna suka buɗe ofisoshi suna neman akawu, mai riƙe littafin kuɗi, mai buga waya, kuma albashin akawu ya fi na lebura nesa ba kusa ba. Da talaka ya ga ɗan maƙwabci ya gama sakandare ya samu aikin farar riga, ba sai an aiko masa ɗan sanda ba.

Ga wani abu da ni kaina ya bani mamaki lokacin da na fara karanta shi. A 1910 kashi 9 cikin ɗari ne kawai na matasan Amurka ke gama sakandare, zuwa 1940 sun kai rabi. Za ka ɗauka a garuruwan masana'antu abin ya fi sauri ko? Ina, a jihohin noma ne irinsu Iowa da Nebraska da Kansas. Dalili shi ne a garin da masaƙa take, yaro ɗan sha huɗu yana fita ƙofar makaranta ga aiki na jiransa, sai ya tafi. Manomin Iowa kuwa yana da ɗan rufin asiri, mutanen ƙauyen sun san juna, su da kansu suke kaɗa ƙuri'a su ɗora wa kansu haraji su gina sakandare. Ko wannan ma sai da aka kai ruwa rana, a garin Kalamazoo na jihar Michigan wasu masu dukiya suka kai ƙara wai ba za a kashe harajinsu kan sakandare ba firamare ta isa, kotun ƙolin jihar ta yanke musu a 1874 cewa halal ne, wannan hukuncin sauran jihohi suka riƙa kafa hujja da shi.

Bari in ƙara da na jami'a dan ya shafe mu. A 1862 ana tsakiyar yaƙin basasa shugaban ƙasa Lincoln ya sa hannu a dokar Morrill, aka ba kowace jiha fili eka dubu 30 a kan kowane ɗan majalisar tarayya da take da shi, ta sayar ta kafa kwalejin noma da ƙere-ƙere. Jami'ar jihar Kansas tana cikinsu, kuma ita ce ta turo malamai Zariya a shekarun 1960 suka taimaka wajen kafa tsangayar noma da ta likitan dabbobi a ABU.

Ummu_Khairat

Slm. Yaya na Samaru ka yi bayani Allah ya ƙara basira, amma ka tsallake mata, kuma wlh a wannan labarin su ne a gaba.

A wancan lokacin 'yan mata sun fi maza yawa a cikin masu gama sakandare, saboda namiji ana cire shi ya tafi aikin ƙarfi, ita kuwa mace takardar ce hanyarta. Kamfanin Remington ya fito da tafireta kasuwa a 1874, kafin wannan akawu namiji ne da alƙalami da tawada, amma kafin 1900 mafi yawan aikin buga tafireta ya koma hannun mata, haka masu haɗa layin tarho. Ni mahaifiyata da tafireta ta ciyar damu bayan rasuwar babanmu, har yau ina jin ƙarar nan da 'yar ƙararrawar da take yi in layi ya ƙare, shi yasa in na karanta labarin waɗannan matan sai in ji kamar na san su. Koyarwa ma haka, zuwa 1900 kusan bakwai cikin goma na malaman makaranta mata ne, kuma ba dan an fi girmama su ba, dan an fi samunsu da arha ne, ana biyansu ƙasa da maza, a wurare da yawa ma ranar da ta yi aure ranar aikinta ya ƙare. Wannan zalunci ne ƙarara, a kan bayansu aka gina makarantun.

Tambayarka ta biyu Malam, ni a ganina uwa ɗaya uba ɗaya suke. Ka koya wa miliyoyin mutane karatu, to me za su karanta? A 1870 mutum ɗaya cikin biyar bai iya karatu ba, zuwa 1900 ya koma kamar ɗaya cikin goma, 'yan kasuwa kuma ba barci suke ba. Takarda ta yi arha da aka fara yin ta da itace maimakon tsumma, a 1886 aka fara amfani da injin Linotype mai jera haruffa layi guda a lokaci ɗaya, ga jirgin ƙasa na kai kaya ko'ina. Sai 'yan ƙananan littattafan labari na santi goma suka cika gari tun daga 1860, labarin kaboyi da 'yan fashi da soyayya, yara maza na ɓoye su cikin littafin makaranta, malamai da limaman coci na ta faɗa wai suna lalata tarbiyya. Duk wanda ya tashi a Kano lokacin da littattafan soyayya suke tashe ya san irin wannan faɗan.

Jarida kuwa Joseph Pulitzer, shi kansa baƙo ne daga Hungary, ya sayi New York World a 1883 tana sayar da kofi dubu goma sha biyar, ya mayar da ita ta talaka, manyan kanun labarai, zane, labarin kisa da gobara, shafin wasanni, shafin mata, da Turanci mai sauƙi wanda baƙon da ya sauka jiya zai iya harhaɗawa. Wani attajirin ɗan jarida Hearst ya shigo da New York Journal a 1895 suka shiga gasa ba ji ba gani, lokacin yaƙi da Sifen a 1898 kowaccensu ta haura kofi miliyan a rana, da ƙarin gishiri da zuga mutane. Amma fa hanjin jimina ne, akwai na ci akwai na zubarwa, a wannan World ɗin ne wata matashiya Nellie Bly ta yi kamar ta haukace a 1887 aka kai ta gidan mahaukata na mata ta kwana goma, ta fito ta rubuta yadda ake musu wanka da ruwan ƙanƙara ana basu ruɓaɓɓen abinci, sai da hukuma ta ƙara wa wurin kuɗi.

Kuma su wa ke sayar da jaridun? Yara ne 'yan talla irin naka Malam. Suna sarar ɗauri mai ɗari a santi 50, da yaƙi ya zo aka mayar 60, aka gama yaƙi Pulitzer da Hearst suka ƙi saukewa. A watan Yulin 1899 yaran suka tafi yajin aiki sati biyu, har suka tare gadar Brooklyn, a ƙarshe ba a rage kuɗin ba amma kamfanonin suka yarda za su riƙa karɓar kwantai. Yaron da yake ihun kanun labarai a titi ƙila shi kansa bai gama aji huɗu ba, abin tausayi.

Malamin_Aji_Biyar

Allahu akbar. Hajiya na gode ƙwarai, Allah ya jiƙan mahaifi ya saka wa mama da aljanna. Wannan na kwantai ya taɓa ni, dan ina da yarinya a ajina da in ta dawo da kwantan awara duka take sha.

Direba_Michigan

Gaisuwa jama'a. Ni ba ɗan boko bane sosai, babbar mota nake ja a nan Amurka shekara da shekaru, amma wasu wuraren da kuke magana na taka su da ƙafata.

Akwai wani ƙaramin gari Braddock kusa da Pittsburgh, na sauke kaya a yankin na samu lokaci na zaga. A nan laburaren farko da Andrew Carnegie ya buɗe a Amurka yake, tun 1889, ginin dutse ne kamar fada, in ka tsaya a titin kana hango masana'antar ƙarfen da shi ya kafa, har yanzu tana aiki. Abin da ya tsaya min shi ne a ƙasan ginin sun yi wurin wanka, dan ma'aikaci ya fito daga aiki duk baƙin hayaƙi ya wanke jiki kafin ya hau sama ya taɓa littafi. Mutumin ya gina laburare sama da 1,600 a faɗin ƙasar, wannan ba ƙaramin alheri bane. Amma ma'aikatansa awa 12 suke yi a gaban wuta, da yawansu kwana bakwai a sati, kuma a 1892 a Homestead, tsallaken kogi kaɗan, da suka yi yajin aiki sai aka turo musu 'yan bindigar haya aka kashe mutane. Ni da nake tuƙin awa goma sha ɗaya na san yadda ido yake in ka sauka, ba littafin da za ka iya buɗewa. 'Ya'yansu ne suka ci moriyar laburaren.

Shi yasa nake ganin sinima ta fi shiga jikin lebura. A Pittsburgh ɗin dai aka buɗe wani ɗan shago a 1905, kujeru da farin ƙyalle da mai kaɗa piyano, ka biya santi biyar ka kalli majigi na minti goma sha biyar ko ashirin, cikin shekara uku irinsa sun kai dubbai. Fim ɗin ba magana a ciki, to ko daga Italiya ka zo ko Poland ko Rasha za ka gane ka yi dariya tare da kowa. Ku tuna fa a 1907 kaɗai sama da mutum miliyan ɗaya suka shigo ta tsibirin Ellis, tashar karɓar baƙi ta New York. Manya suka tada hankali wai yara na gudun makaranta suna shiga duhu maza da mata, Chicago ta fara tace finafinai a 1907, magajin garin New York kuma ya rufe gidajen gaba ɗaya ana gobe Kirsimeti a 1908, kotu ta buɗe su. Ranar Lahadi kuma sai a hau jirgi a tafi Coney Island wurin lilo da wasanni, ko a tafi kallon baseball. Duk wannan sai da aka rage awoyin aiki ya samu, rikicin Chicago na 1886 kan neman awa takwas shi ne asalin ranar ma'aikata ta 1 ga Mayu da muke hutu a gida.

Na kusa da ni kuwa shi ne na Ford, mai kamfanin motoci. A Janairun 1914 ya mayar da lada dala biyar a rana, fiye da ninki biyu, amma da sharaɗi, yana da ma'aikata masu bi gida gida su duba ko kana shan giya, ko ɗakinka da tsabta, ko kana ajiya a banki, kuma baƙo sai ya shiga makarantar Turanci ta kamfani. Ranar yaye ɗalibai sai a kafa wata ƙatuwar tukunya a kan dandamali, ɗaliban su fito daga wani abu mai siffar jirgin ruwa kowa da kayan ƙasarsu da ƙunshinsa, su gangara cikin tukunyar, malamai na juyawa da dogayen ludaya, can sai su fito ta ɗaya gefen sanye da kwat da taye kowa riƙe da tutar Amurka. Na ga hoton, wlh sai da jikina ya yi sanyi, dan nima baƙo ne kuma yarana Hausarsu sai a hankali. Amma tukunyar bata narkar da kowa ba, Larabawan da suka zo aikin Ford ɗin nan sun gina masallaci a Highland Park a 1921, yana cikin na farko farko a ƙasar, yau kuma in ka shiga Dearborn allunan shaguna da Larabci suke.

Ɗan_Damagaram

Salamu alaikum. Alhaji Direba ka taɓo inda nake so in yi magana, dan ina karanta zaren nan ina jin kamar za a tashi a kan cewa matsalar kuɗi ce kawai. Ba ita kaɗai ba ce. Akwai iyayen da suka ƙi makarantar gwamnati dan tsoron abin da za ta yi wa addininsu da harshensu, kuma tsoronsu ba na banza bane.

'Yan Katolika da suka zo daga Ireland da Jamus sun tarar ana karanta wa yaransu Baibul na 'yan Furotesta a aji, a Philadelphia a 1844 rigimar ta kai ga ƙona coci da asarar rayuka. A 1884 manyan limamansu suka taru a Baltimore suka ce kowace coci ta gina makarantarta. Yahudawa kuma yaro ya tashi daga ta gwamnati ya wuce ta addini da yamma, kamar dai boko da Islamiyya. A Nebraska an ci wani malami tarar dala 25 dan an kama shi yana koya wa yaro ɗan shekara goma karatu da Jamusanci, sai kotun ƙoli ce ta wanke shi a 1923. Jihar Oregon ma ta so ta tilasta kowa shiga ta gwamnati, kotun ta hana a 1925.

Waɗannan suna da lauyoyi da ƙuri'a. 'Yan asalin ƙasar fa, waɗanda ake ce wa Indiyawa? A 1879 wani hafsan soja Richard Pratt ya buɗe makarantar kwana a Carlisle cikin tsohon barikin soja, manufarsa da bakinsa ita ce a kashe Ba'indiyen da ke cikin yaro dan a ceci mutumin. A ɗauko yaro daga nisan duniya, a aske masa gashi, a canza masa suna, in ya yi yarensu a hukunta shi. Ku nemi hoton wani saurayi ɗan ƙabilar Navajo, Tom Torlino, ɗaya ranar da ya iso a 1882 da dogon gashi da 'yan kunne da bargonsa, ɗayan bayan shekara uku cikin kwat an yi masa aski, su da kansu suka riƙa raba hotunan suna alfahari. A harabar an binne yara sama da 180 da basu koma wurin iyayensu da rai ba. Mu a nan Nijar kakanninmu sun bamu labarin alamar da ake rataya wa yaro in ya kuskura ya yi Hausa a lakwal, to wannan ya fi shi muni nesa. Kuma Malam na Samaru, filin da dokar Morrill ta raba, fiye da eka miliyan 10, daga hannun waɗannan mutanen aka ƙwace shi, ya kamata a faɗa.

Baƙaƙen fata kuwa nasu akasin haka ne, su suna neman karatun ana hana su. Zamanin bauta laifi ne a jihohin kudu da dama ka koya wa bawa karatu, shi yasa a 1870 kusan takwas cikin goma basu iya ba, amma zuwa 1900 sun sauko da shi ƙasa da rabi, tsoho da jikansa a benci ɗaya da fitila. Sai kotun ƙoli ta halatta wariya a 1896, a 1899 kuma ta bar wata hukuma a Georgia ta rufe sakandaren baƙaƙe ta bar tallafin na farare. Makarantu kusan dubu biyar da aka gina musu a ƙauyukan kudu da tallafin Julius Rosenwald, shugaban kamfanin Sears, kuɗin da talakawan suka tara da kansu ya ɗan zarce nasa, banda filin da suka bayar da aikin gayya. Mutanen da basu da komai fa. Wannan ya nuna min talauci kaɗai baya hana uba kai ɗansa, in ya yarda makarantar tasa ce.

Kuma abin ya iso mana. Tsarin makarantar baƙaƙen fata ta Tuskegee na Booker T. Washington, wanda ya fifita noma da sana'ar hannu, shi kwamitin Phelps-Stokes ya kawo Afirka a 1920 tare da James Aggrey ɗan Gana, Turawan mulkin mallaka suka karɓe shi hannu bibbiyu dan ya yi daidai da abin da suke so, masanin baƙar fata Du Bois kuma ya yi ta sukar sa yana cewa ana so a rufe wa baƙar fata ƙofar ilimi mai zurfi.

Tsohon_Ɗalibin_Samaru

Ɗan uwa na Damagaram gaskiyarka, maganar filin na karɓa, bai kamata in tsallake ta ba.

Malamin_Aji_Biyar

Jama'a Allah ya biya ku, na kwafe komai zan kai wa abokin aikina gobe. Saura abu ɗaya Malam na Samaru, gidan da ba uba fa, uwa ce kaɗai kuma da tallan yarinyar ake cin abinci, su ya suka yi da irin wannan? Dan yarinyar awarar da na faɗa haka gidansu yake.

Tsohon_Ɗalibin_Samaru

Da farko gidan marayu suke kai yaran, su raba su da uwar wai ta kasa. Daga baya ƙungiyoyin mata suka tashi tsaye suka ce wannan ba daidai bane, kuma kuɗin da ake kashewa a gidan marayun ya fi wanda za a ba uwar. Jihar Illinois ta fara a 1911, kotun yara ce take duba gidan ta yanka wa bazawara kuɗin wata wata dan yaran su zauna a hannunta su je makaranta, kafin 1920 jihohi kusan arba'in sun kwaikwaya. Kuɗin ba yawa, kuma ana zaɓe, mata baƙaƙe kaɗan ne ƙwarai suka samu. A wasu biranen kuma ƙungiyoyin sa kai ne suke biyan gidan daidai abin da yaron yake samowa a sati, da sharaɗin malami ya sa hannu cewa bai yi fashi ba.

Ka fara da zuwa wurin mahaifiyar ka ji nawa ne ribar awarar a rana, dan su ma waɗancan matan da wannan lissafin suka fara, sannan ka kai maganar gaban kwamitin iyaye da malamai da mai unguwa. In kun tsayar da adadin ka rubuto a nan, ni zan ɗauki na wata biyu in sha Allah.